Gayyar da Baba Ya Kai Gonar Sagiru

Kafin wani a cikinku ya fara ganin laifin Babana, bari in sauƙaƙa muku: ni ce na jawo komai. Ni Husaina, 'yar Alhaji Lawan ta Gyaɗi-Gyaɗi, da wannan bakin nawa da ba ya iya cewa "ban sani ba." Na daɗe ina juya yadda zan ba ku labarin nan ba tare da na kunyata kaina ba, na ga babu hanya. To ku gyara zama kawai.

A shekarar 2004 ne, sojoji sun shekara biyar da komawa bariki, wayar hannu ta fara shiga gidaje, kowa yana ji da kansa. Ni ma ina da tawa, 'yar ƙarama mai tauri wadda ko ta faɗi a siminti sai dai simintin ya ji jiki. Hasana, 'yar biyuna, ta shekara biyu a ɗakinta a Daurawa, har da goyon ɗanta Walid. Ni kuwa na gama karatu ina zaune a gida, ina cin tuwon Umma ina canza lalle. Duk bikin da muka je sai wata gwaggo ta riƙo hannuna ta ce, "Tare fa kuka zo duniya, Husaina, me kike jira?"

Baba ba mai takura ba ne. Sau ɗaya ya yi maganar, yana goge tabarau.

"Ni ba zan zaɓa miki ba. Amma ki fito min da mutum kafin azumi."

Mutum kuwa ina da shi. Sagiru. Dogo, baƙi, mai sanyin murya, yana zaune a gidan baffansa a Tarauni, ya karanci harkar gandun daji. Wata goma sha huɗu yana zuwa zance duk Alhamis da Lahadi bayan la'asar, a kan wani babur da ba ya rabuwa da taɓo. Samarin wasu suna kawo turare da agogo, nawa zuma yake kawowa a kwalbar lemo. Umma ce ke shanyewa, shi ya sa take sonsa.

Matsalar Sagiru ɗaya ce: itatuwa. Da ya zauna, an gaisa, ya tambayi lafiyar su Baba, sai ya ɗauko. Ni kuma sai in gyara gyale, in tallafe haɓa, in riƙa cewa "uhm," "Allah sarki," "kai, ikon Allah." A zuciyata kuwa ina kallon gashin idonsa ne, ina lissafin kalar da za mu yi anko. Abin da kawai ya maƙale a kaina shi ne, shi da manoma sittin da wani abu a ƙauyensu can bayan Gezawa sun haɗa gonakinsu, fili mai faɗin gaske, suna noma hatsi a tsakanin itatuwa. Bayan wannan ko a wuya aka ɗora min wuƙa ba zan ƙara komai ba. Kada ku harare ni, na san akwai irina a cikinku.

Da na faɗi sunansa, Baba ya tura ƙanensa, Baffa Garba, ya yi bincike. Kwana huɗu Baffa ya dawo. Ranar ina sanye da wata atamfa ruwan ganye, na kawo musu zoɓo falo, na fita, na laɓe a bayan labule kamar yadda kowace 'ya ta gari take yi.

"Yaya, asali dai babu laifi," in ji Baffa. "Salla kuma ko limamin unguwarsu ya shaide shi. Ba ya shan komai. Amma yaron nan rago ne."

Na ƙara matsawa jikin labulen.

"Rago kamar yaya?" in ji Baba.

"Na je gonar da ya gada a wurin ubansa. Yaya, daji ne. Damina saura wata guda, ko sassabe bai yi ba. Tsirrai ko'ina, wasu sun kai ƙugu, wasu sun fi ni tsawo. Kuma abin da ya fi ɗaure min kai, duk an bi su an ɗaura musu jan ƙyalle. Ni dai ban ce komai ba, amma ka san masu ɗaura jan ƙyalle a daji."

"A'uzubillahi," in ji Umma daga kicin. Ashe ita ma laɓen take yi.

Sai kun san Baba za ku gane nauyin maganar. Kafin ya yi ritaya, shekara ashirin ya yi a wani babban shirin noman masara. A wurinsa gonar kirki ita ce wadda in ka tsaya a wannan baki za ka hango akuya a wancan bakin. Mutumin da bai share gonarsa ba kuwa, ba ya ganin zai iya riƙe gida.

"Husaina," ya kira, bai ko ɗaga murya ba. "Fito daga bayan labulen nan."

Na fito ina sunkuyar da kai.

"Kin ji abin da Baffanki ya ce. Yaron nan ya taɓa faɗa miki dalili?"

Jama'a, nan ne wurin. Da na ce, "Baba, bari in tambaye shi," da yanzu ba ku da labarin karantawa. Amma ta yaya zan tsaya gaban Baba in ce wata goma sha huɗu mutum yana min bayani ban ji ko ɗaya ba? Kuma na ga auren yana neman zamewa daga hannuna. Sai bakina ya buɗe da kansa.

"Maraya ne, Baba. Ba shi da masu taya shi. Kullum kukansa ke nan, rashin hannu."

"To ƙyallayen fa?" in ji Baffa.

"Alama ce, Baffa. Waɗanda za a sare ne ya yi wa alama."

Har da gyaɗa kai na yi, don ƙaryar ta zauna sosai. Fuskar Baba ta yi laushi. Shi ma maraya ya tashi.

"Allah sarki," ya ce. "Je ki."

Na fita ina jin kaina wata gwana. Da yamma na tura wa Sagiru saƙo: "Na gyara mana komai. Ka gode wa Allah da ya ba ka mace mai kai." Ya amsa: "Alhamdulillah. Zan je Daura ɗauko iri, sai Asabar da yamma. Ki kula min da kanki." Na karanta ya fi sau goma.

Ranar Asabar hayaniyar tukwane ce ta tashe ni. Na fito tsakar gida na tarar Umma ta ɗora manyan tukwanen biki guda biyu, shinkafa da wake, ga yaji an daka, ga jarkokin kunun tsamiya a jere. Hasana ta zo da motar mijinta, tana zuba man gyaɗa a roba.

"Umma, suna ake yi ban sani ba?"

"Sunan gidanku," in ji Hasana. "Ke dai kin ji daɗinki. Ni da zan yi aure ko kaza Baba bai kai wa Abban Walid ba."

Umma ta yi murmushi tana juya muciya. "Gayya Babanku ya haɗa. Tun asuba suka tafi da Baffanku, ya ɗebo majiya ƙarfi talatin daga ƙauyenmu, har da mai ganga. Yau za a share wa yaron nan gonarsa tas. Ya ce kada a faɗa masa, ya dawo kawai ya gani."

Kun san me na yi? Rawa. Wallahi rawa na taka a tsakar gida, na rungume Umma har ta ce in sake ta kada in tura ta a wuta. Na shige ɗaki da gudu, na kasa riƙe sirrin, na rubuta: "Albishirinka! Baba ya kai maka gayya, mutum talatin. Kafin ka dawo sun sare duk masu jan ƙyallen nan, gonarka ta yi fes."

A lokacin kira tsada gare shi, soyayyarmu duk ta saƙo ce da filashin. Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta ɗauki ƙara, kuma ba ta katse ba.

"Husaina." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. "Me kika ce za a sare?"

"Masu jan ƙyallen mana. Ba su ne..."

"Su ne waɗanda aka zaɓa a bari. Shekara huɗu muna rainonsu. Wa ya ce a sare?"

Ina jin ƙarar motoci a bayansa, da numfashinsa.

"Babu sabis a gonar," ya ce. "Ni kuma ko yanzu na taso sai bayan azahar. Don Allah ki je ki tsayar da su."

Ya kashe. Ko sallama babu.

Ban san sanda na zura takalmi ba, ashe mai tsini na saka, wanda na saya don bikin ƙawata. Na fizgi gyale na fito.

"Hasana, tashi mota."

"Abincin bai..."

"Tashi mota, na kashe kaina."

Muka ɗora tukunya ɗaya a but, rabin dahuwa. A hanya na faɗa mata komai. Tun daga Gyaɗi-Gyaɗi har muka fita gari Hasana ba ta rufe baki ba.

"Wata goma sha huɗu? To me kike yi in yana magana?"

"Kallonsa."

"Kallonsa. Sannu. Ai ga shi kin kalle shi har kin kalle masa gona."

"Ki taka motar nan don Allah."

"Ina takawa. Ke ko tambaya ba ki iya ba? Ni Abban Walid taya yake sayarwa, amma ko a barci kika tashe ni zan faɗa miki lambar kowace."

Da muka sauka daga kwalta muka bi burji, na fara ganin abin da ban taɓa zuwa na gani ba. Hannun hagu fili ne fetal, babu ko kara, ƙasar ta yi fari, iska tana kwasarta tana watsa wa gilashinmu. Hannun dama kuwa, iya ganinka itatuwa ne, manya jefi-jefi, ƙanana a tsakaninsu, kowanne an gyare shi ya miƙe, da 'yar jar alamarsa tana kaɗawa. Ga amya a rataye a rassa, ga tumaki kwance a inuwa, ga wasu mata suna ɗaure ƙiraren da aka rage daga rassan. Da Hasana ta sauke gilashi har iskar wurin daban take. Sai na ji kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Sannan muka jiyo ganga.

Na fita tun motar ba ta gama tsayawa ba. Taku uku tsinin takalmina ya nutse a ƙasa, na tuɓe su na riƙe a hannu. Ga mutane a jere, gatari da adda suna tashi suna sauka, mai ganga yana zuga su, suna amsawa. Bayansu fili ya buɗe, ya kai girman filin ƙwallo uku, rassa kwance ko'ina da jajayen ƙyallayensu. Baba yana tsaye a ƙarƙashin lema, ya naɗe hannun riga, fuskarsa cike da farin ciki. Rabon da in ga Baba haka tun kafin ya yi ritaya.

Wurin mai gangar na nufa, na dafe fatar da hannu biyu. Kiɗa ya tsaya, gatura suka tsaya, idon mutum talatin da wani abu ya dawo kaina: budurwa ba takalmi, gyale a karkace, kwalli ya zubo.

"Husaina?" in ji Baba. "Lafiya?"

Na durƙusa a gabansa.

"Baba, ƙarya na yi maka. Ban san dalilin ba, na ƙirƙira. Masu ƙyallen su ne ba a taɓawa."

Kafin ya ce wani abu sai ga wani dattijo a kan keke, yana taka shi kamar zai karya. Ashe matan nan ne suka aika aka kirawo shi daga kasuwar ƙauyen gaba. Malam Ɗan'azumi ke nan, shugaban manoman da suka haɗa gonakin. Ya jefar da keken, ya tsaya yana kallon filin.

"Wane ne babba a nan?"

"Ni ne," in ji Baba. "Gayya na kawo wa yaron. Taimako na yi nufi."

Malam Ɗan'azumi ya dubi furfurar Baba, ya dubi lemar, ya haɗiye abin da ya taso masa. Ya sunkuya ya ɗauki wani reshe.

"Alhaji, ka ga wannan? Gawo ne. Da damina yake zubar da ganye, hatsi ya samu rana, ƙasa ta samu taki. Da rani ya yi ganye, dabba ta samu inuwa da abinci. Ba shuka su muka yi ba. Kututturan da iyayenmu suka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Duk shekara suna tohowa, mu kuma muna sarewa, muna cewa tsafta. Yaron nan ne ya zo ya ce mu zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, mu rage sauran, mu ɗaura alama. Dariya muka yi masa. Ni na fi kowa."

Ya nuna hagu da haɓa, can inda filin nan fari yake.

"Wancan shekara goma sha biyar masara kawai ake zuba masa, bayan an tumɓuke komai da katafila. Yanzu ko an zuba taki iska ce ke ci. Mu nan gero da wake da gyaɗa muke haɗawa a ƙarƙashinsu. Bara sau ɗaya na yi shuka, yashi bai binne min ita ba. Rabona da haka tun ina saurayi."

Baffa Garba ya cire hula ya sosa kai. "To ni ai na ɗauka..."

"Garba," in ji Baba. Baffa ya mayar da hularsa.

Baba ya daɗe yana kallon farin filin can. Ya rufe lemar, ya miƙa min, ya shiga cikin rassan da aka sare yana tafiya a hankali, rana tana dukansa. Babu wanda ya bi shi. Hasana ce ta yi dabara ta ce a zo a ci abinci, aka zauna aka ci shinkafar da ba ta gama dahuwa ba.

Bayan azahar muka ji babur. Sagiru ya sauka, rigarsa ta manne da gumi, buhun iri a ɗaure a baya. Ya tsaya a bakin filin. Na jira ya yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya tuɓe takalmi, ya je gaban Baba ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, sannu da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci."

Ya juya ya bi 'yan gayyar ɗaya bayan ɗaya yana musu sannu da aiki, har mai ganga.

"Tashi, Sagiru," in ji Baba. "Ɓarna na yi maka. Ka yafe ni."

"Babu komai, Baba. Saiwar tana nan, za su sake fitowa."

"Shekara nawa?"

"Uku. Wasu huɗu."

Baba ya gyaɗa kai. "In sun toho ka aiko min. Da hannuna zan zo in ɗaura ƙyallen, ka nuna min yadda ake zaɓa. Kuma ka faɗa wa baffanka, ranar Juma'a bayan la'asar ina gida. Ya zo da mutanensa."

Hasana ta mintsine ni a cinya. Abin da nake nema wata da watanni, ga shi Baba ya ba da shi a tsakiyar gona, a gaban mutum talatin. Na ɗago ina neman idon Sagiru. Ya yi wa Baba godiya, ya yi wa Baffa, ya yi wa Hasana sannu da tuƙi. Ni kuwa ko inda nake bai kalla ba.

Lahadi na ci kwalliya tun azahar, leshi ruwan hoda, na turara gyale, na zauna a falon baƙi. La'asar ta yi, ta wuce, babu ƙarar babur. Na tura "Ka yi haƙuri." Shiru. Litinin na tura mai tsawo har shafi uku. Talata na yi filashin sau bakwai. Umma kuwa tana ta shirin Juma'a, an aiko da cincin daga gidan Hasana, an wanke labulen falo, Baba ya sa an ɗauko babbar dardumar da ba a shimfiɗawa sai da Salla. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare. Ni kaɗai na san akwai saura, kuma tsoro nake ji sosai.

Laraba da hantsi, ina tankaɗen gari, wayar ta yi ƙara a cikin zanina. Na goge hannu na buɗe.

"Ban riƙe Baba ba, shi bai sani ba. Su baffana sun shirya zuwa jibi, ni ne ban ce musu to ba. Husaina, itace iri bakwai aka sare ranar Asabar. Babu wanda ban faɗa miki sunansa ba, wasu sau da yawa. Turo min uku. Kada ki tambayi kowa, na yarda da ke."

Hasana tana gefe tana leƙe. Ta ce, "Wannan ai mai sauƙi ne, Baba yana falo, je ki tambaye shi."

"Ya ce kada in tambaya."

"Zai sani ne?"

"Ni zan sani."

Ta taɓe baki ta ci gaba da jijjiga Walid. Na zauna a kan turmi, gari a goshina. Na rubuta "gawo," wanda shi ma a bakin Malam Ɗan'azumi na tsinta. Na rubuta "mangwaro," na goge. Na rubuta "darbejiya," na tuna ta ƙofar gidanmu ce, na goge. Na rufe ido ina neman muryarsa a falon baƙi, duk Alhamis ɗin nan da Lahadi, ko zan kamo kalma ɗaya. Fuskarsa ta zo min tsaf, har gashin idon. Bakinsa yana motsi, amma ba na jin komai.

Daga ɗaki Umma ta ɗaga murya tana tambaya ko kaji shida za su isa baƙin jibi.